Ƙarin da Ya Tafi da Muryata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Zulaihatu, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe takardar nan kina zaune lafiya, ko a cikin jirgi ko a ɗakin da za su ba ki can Malesiya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Uwata, sauran iyaye zaunar da 'ya'yansu suke yi a tabarma su yi musu faɗa da baki kafin tafiya. Ni kin san bakin yana nan, muryar ce babu, tun ranar da likitoci suka cire mini inda take fitowa suka bar mini 'yar ƙofar nan a wuya da nake numfashi ta cikinta. Allon da nake yi muku rubutu a gida ƙarami ne, kafin in goge in ci gaba, mai sauraro ya miƙe ya kama wata hidima. Shi ya sa na nemi takarda da biro, nake rubutawa kaɗan-kaɗan a bakin ƙofar siton da nake gadi a Bompai, idan tireloli sun lafa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun mai aikin ƙarfe ne.

Ummanku tana cewa tun da na rasa murya na zama mai zargin kowa. Ban musa ba. Amma ki san daga inda abin ya fito. Mutane idan suka ga ba ka magana sai su ɗauka ba ka ji. A gabana ake ƙulla abin da a da sai an ja gefe. Kwanan baya wasu ma'aikata biyu suna tsaye kusa da bencina, ɗaya yake ce wa ɗaya idan an tambayi kayan da suka ɓace a ce wa manaja ta ƙofa suka fita, ai tsohon nan ba ya iya musu. Suna gamawa ɗayan ya juyo ya ce, "Baba, sannu da aiki," har da russunawa. Ban iya busa usur ba, iskar ba ta bi ta baki, guntun ƙarfe nake bugawa idan mota za ta shiga. Amma kunnena ƙalau. Ke ma za ki sauka inda ba ki jin harshensu sosai, za ki yi watanni shirunki ya fi maganarki yawa. Kada ki ji haushin wannan. Ki saurara, ki lura da yadda mutum yake magana a kan wanda ya tashi daga wurin, haka zai yi a kanki.

Za ki tafi ki karanci ciwon da ya kama ni, yadda kansar wuya da baki take cin abincinta da yadda take kashe wa garkuwar jiki gwiwa. Ni ban yi karatunta ba, a jikina ta zauna. Abin da zan iya ba ki shi ne inda na sa zargina da inda na ƙi sa shi, don duka biyun sun cuce ni.

Lokacin da abin ya fara ina shugaban masu aikin safe a ɗakin boila, wato tukunyar tururi, na kamfanin jimar fata a Challawa. Murya ta dushe. Na ce tururi ne da warin magungunan jima, kowa a wurin nan yana tari. Na sha lemon tsami da zuma, na tsotsi alewar tari har na gaji. Mataimakina a lokacin Isuhu ne, mutumin Damagaram, kin san shi, dogon nan da yake kawo mana cuku idan ya dawo daga gida. Wata rana mun fito hutun azahar muna zaune gindin darbejiya wajen mai shayi, sai ya matso ya rage murya.

Ya ce, "Malam Haruna, muryar nan taku ta daɗe. Yayana haka ya fara a gida, ana ta cewa mura ce. Ku je babban asibiti a leƙa maƙogwaron nan."

Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Isuhu, kujerata kake so? Ka bari in mutu tukuna."

Ya shanye shayinsa ya tashi. A shekarar nan kamfani yana rage ma'aikata, duk wanda ya cika zuwa asibiti ana sane da shi. Don haka zargina ba a banza ya tsiro ba. Da Isuhu ya ga ban ji ba sai ya biyo ta gida Zawaciki ya gaya wa Ummanku. Wannan ya ƙara tunzura ni, na ce ga shi har gidana ya shigo da makirci. Na daina cin abinci tare da shi. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kusa, sai da haɗiya ta fara yi mini zafi har cikin kunne, wani ƙululu ya fito a gefen wuya, sannan na je asibiti.

Bayan an yi mini tiyata kamfani ya sallame ni, Isuhu ne aka ba kujerar. Har yau ban sani ba ko yana sonta tun farko. Mai yiwuwa yana so, ɗan Adam ne, yana da iyali. Amma maganar da ya gaya mini gaskiya ce, kuma da na je an leƙa ba abin da zai ragu a jikina. Uwata, idan wanda ba ki yarda da shi ba ya gaya miki wani abu, ki ci gaba da rashin yarda da shi in kin so, amma ki je ki duba abin. A inda za ki, wata rana abokiyar karatun da kuke gasa da ita za ta ce miki gwajinki akwai kuskure. Zuciyarki za ta ce hassada ce. Wataƙila hassadar ce. Ki koma ki sake gwajin.

Likitar da ta duba ni, Dakta Rabi, ta tambaye ni ko ina shan taba. Na ce tun ina saurayi nake sha. Ta ce wannan kam an san tana kawo ciwon. Na ce hayaƙin kamfani fa? Ta ce ba za ta ce e ba, ba za ta ce a'a ba, don ba ta da hujja a hannu. Ni dai har gobe ina zarginsa. Shekaru ana ba mu takunkumi muna rataye shi a wuya saboda zafi, ba wanda ya taɓa tsawata mana. Na ji kin ce ɗakin gwajinku akwai ruwaye masu ƙona fata. Ki sa safar hannu, ki rufe hancinki, ko da kowa ya cire nasa, ko da sun yi miki dariya.

Yanzu ga wanda ya fi mini ciwo, kuma na san ke ma ya fi miki.

Bayan an tabbatar kansa ce, Dakta Rabi ta ce akwai fatan a yi mini gashi da allurai ba tare da an taɓa muryar ba, sai dai in jira layi ya zo kaina, don na'urar gashin masu jiranta suna da yawa. A cikin wannan jira ne wata Juma'a bayan cin abinci kina zaune a tsakar gida kina yi wa Ummanku bayani. Kina shekararki ta ƙarshe a jami'a a lokacin. Ina kwance a ɗaki ina jinku. Kika ce ƙwayoyin kansa suna shan sukari fiye da sauran ƙwayoyin jiki, har akwai hoton da ake ɗauka a asibiti da ake gane inda suke saboda wannan kwaɗayi nasu. Nan aka kira la'asar, na sa takalmi na fita. Ban ji sauran ba, ban kuma tambaya ba.

Ba a daɗe ba aka aike ni Sharada in karɓo wani ƙarfen boila da aka kai gyara. Na fito daidai lokacin da masu aikin safe suke tashi, titi ya cika. Ga wata farar mota da lasifika a kanta, ga wani mutum da farar rigar likitoci da tabarau, mutane sun kewaye shi. Ba irin masu maganin nan ba ne masu ihu da batsa. A nitse yake magana, yana jefa Turanci jifa-jifa. Ina wucewa na ji ya ce, "Kansa sukari take ci. Ku hana ta sukari, yunwa ta kashe ta." Ƙafata ta tsaya da kanta. Na ce a raina, wannan ai maganar Zulaihatu ce.

Na jira mutane suka ragu na matsa. Yana jin muryata ya girgiza kai kamar ya san komai. Na gaya masa 'yata ma haka ta ce, kuma karatun da take yi ke nan. Ya yi murmushi ya ce, "Ka gani ko, Baba? Ilimi ɗaya ne. Amma kada ka gaya wa 'yan asibiti, su kasuwarsu ce kake neman rufewa. Ita ma yarinyar ka ƙyale ta tukuna, sai ka warke ka ba ta mamaki." Ya ba ni jarkar wani ruwa mai ɗaci, ya kafa mini doka: ba tuwo, ba shinkafa, ba kunu, ba rake, ba dabino. Ganye kawai da ruwa da 'yar gyaɗa.

Ni da na zargi Isuhu, mutumin da muka yi shekaru muna gumi tare, ban zargi wannan da ban san ko sunansa na gaskiya ba. Dalili ɗaya ne, ya faɗi abin da ya yi daidai da abin da na riga na ji, kuma abin da nake so ya zama gaskiya.

Kular abincin da Ummanku take ba ni, ma'aikata nake miƙa wa. A gida in ce na ci a wajen aiki, ko in ce maƙogwaro ya hana. Kuna ganin ina ramewa kuna cewa ciwon ne. Ni kuwa duk sabon hujin da na ƙara wa bel ɗina murna nake yi, ina cewa tun da ni na ji haka, ai ita ta fi ni jin jiki. Har ranar da jiri ya kwashe ni a gaban boila. Isuhu ne ya ɗauke ni a kafaɗa ya sa a adaidaita sahu.

Dakta Rabi ta sa aka ɗora ni a sikeli, ta dubi allurar sikelin ta dube ni. Ta ce, "Malam Haruna, me kuke ci?" Na kawar da kai. Ta ce, "Layinku ya kusa, amma jikin nan ba zai ɗauki gashi ba. In na sa ku a haka, ni zan kashe ku ba ciwon ba." Aka zura mini roba ta hanci ana ba ni abinci ta ciki. Layina ya wuce, aka ba wani. Kafin in yi ƙarfi ƙarin kansar ya ci ya shiga guringuntsin maƙogwaro, ba sauran magana sai tiyata. Na taɓa tambayarta daga baya, da ban yi abin da na yi ba da muryata tana nan? Ta ce Allah ne Masani, ba za ta rantse ba. Na so ta ce e ko a'a in huta. Ta ƙi.

Kin tuna ranar da kika zo gadon asibiti, ina da 'yar ragowar murya kamar ana jan buhu a ƙasa? Kika ce, "Baba, wa ya ce ku daina cin abinci?" Na ce, "Ke kika ce." Ban manta yadda fuskarki ta yi ba. Kika fita baranda kika daɗe, kika dawo idonki ja, kika jawo kujera kika ce yau sai na ji maganar har ƙarshenta, ko za a kira salla sai na ji.

Kika ce, "Baba, ko kun daina cin duk wani abu mai zaƙi, jiki ba ya barin jini babu sukari. Naman jikinku zai narkar ya yi shi. Kuma ƙarin ne zai fara ɗiba, don ya fi kowa iya wawura. Ba shi kuka sa wa yunwa ba."

Na ce, "To wa na sa wa?"

Kika ce, "Kanku, da masu tsaronku. Akwai ƙwayoyin da Allah Ya zuba a jini, aikinsu su nemi abin da ya lalace su kashe. Su ma idan za su yi faɗa sukarin nan suke bukata. Suna isa wurin ƙarin sai su tarar ya shanye na wurin, iskar numfashi ma ta yi ƙaranci. Kuma yana ci yana zubar da wani tsami, irin tsamin da ke cikin nono. Sai masu kisan su yi laushi, su gaji, suna wurin amma ba sa iya komai. Akwai kuma wasu a cikinsu da aikinsu kwantar da faɗa ne. Su tsamin bai dame su ba, har amfani da shi suke yi, sai su yi ta hana 'yan'uwansu taɓa ƙarin. Wannan a cikin ƙarin yake faruwa, Baba, ba a kwanon abincinku ba."

Na juya maganar a raina. Can na ce, "To in daina shan fura da nono ke nan?"

Kika dafe kai kika ce, "Baba! Kun sake! Wanda kuka sha ciki zai wuce, ba ruwansa da wanda ƙari yake yi da kansa. Ku sha furarku." Kina dariya hawaye yana zuba. Matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa ita ma ta kama dariya ba ta san kan zancen ba.

Ba laifinki ba ne, na faɗa a allo na kuma faɗa a nan da biro don kada ya gogu. Amma ki ɗauki darasi daga kunnen ubanki. Irin kunnena ne da mafi yawan mutanen da za su ji ki. Muna jin rabin farko, mu tashi da shi, mu aikata. Duk ranar da za ki yi bayanin aikinki, a aji ne, a rediyo ne, a tsakar gida ne, ki fara da abin da ba ki so mutum ya je ya yi. Kada ki bar shi sai ƙarshe. Kuma ki ji tsoron mai saurin gyaɗa miki kai. Wanda ya ja da ke yana sauraro ne. Wanda ya ce haka ne tun ba ki rufe baki ba, ki tambayi kanki ina zai kai maganar. Duk kuma wanda ya ba ki wani abu ya ce kada ki gaya wa wane, a nan za ki tsaya, ko malami ne, ko saurayi ne, ko ɗan garinmu ne da ya tarye ki a filin jirgi yana yi miki Hausa mai daɗi. Kada ki riƙe wa kowa jaka, kada ki karɓi saƙon da ba ki buɗe da hannunki ba.

Mai farar motar nan yana nan, in gaya miki. Watannin baya na bi ta Sharada na gan shi, motar ma ya sake sabuwa. Ya daina maganar sukari. Yanzu cewa yake kansa tsami take zubarwa ta kashe garkuwar jiki, shi kuma yana da ruwan da yake kashe tsamin. Na leƙa jarkar, na ga ruwan kanwa ne da wani abu da ya rina shi. Maganar da kika yi mini a gadon asibiti, wadda kike shirin ƙetare teku ki karanta, ta riga ki isa lasifikarsa. A gabansa akwai wata mata da ta ɗaure haɓarta da ɗankwali, gefen bakinta a kumbure. Na so in yi ihu. Na ciro allo na rubuta, ku je asibiti, ku ci abinci, na ɗaga sama. Mutane suka dubi tsumman da ke wuyana suka ɗauka sadaka nake nema. Wani ya ce Allah Ya ba da haƙuri, Baba. Mai motar kuwa ya gane ni sarai. Ya nuna ni da hannu ya ce a lasifika, "Kun ga aikin asibiti." Matar ta sayi jarkarta ta hau adaidaita. Ban san sunanta ba, ban san inda ta nufa ba.

Shi ya sa nake ce miki, kin gaya mini akwai magungunan da suke farkar da masu tsaron nan, suna yi wa wasu aiki ba sa yi wa wasu, kuma dalilin haka za ki je nema. To idan kika ga wani abu ya yi kyau a kwanon gwaji ko a jikin ɓera, ki ce a kwano na gani, a ɓera na gani. Idan manyanki suna gaggawar a buga ganga an samo magani, ki ja baya ki dubi me suke nema. Kalmar da ta fita daga bakinku can, a Sharada za ta sauka, kuma ba za ta sauka da sharaɗinta ba.

Ki riƙa cin abinci. Na san halinki idan karatu ya kama ki. Ko abincinsu bai yi miki ba ki ci, in dai halal ne.

Saura magana ɗaya, wadda ta sa muka yi kwanaki a gidan nan kina gaishe ni ido a ƙasa.

Ranar da malaminki Dakta Garba ya zo Zawaciki, na ɗauka murna ya zo taya mu. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka kawo ruwa. Sai ya ce a asibiti ana ajiye guntun ƙarin da aka cire wa kowane marar lafiya, suna neman izinin masu shi su aika da ɗan yanki can inda za ki, a duba yadda masu tsaron jiki suke a cikinsa. Nan take kaina ya ɗauki zafi. Ni na ɗauka an binne abin tuntuni. Na ce ashe shi ya sa aka ba 'yata gurbi, naman ubanta ake so. Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe, namana ba na sayarwa ba ne, na juya masa. Ya karanta, ya ce ba komai Malam, hakkinku ne, ya yi sallama. Kina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Kika juya kika koma ciki, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce kin yi magana.

Na bar abin ya kwana biyu a raina. Sannan na je wurin limamin unguwa na rubuta masa tambaya. Ya ce in dai don neman magani ne, kuma ba wulaƙanci a ciki, bai ga haramci ba, amma zaɓi nawa ne. Ranar hutuna na hau mota na tafi ofishin Dakta Garba ba tare da na sanar da kowa ba, don in same shi bai shirya mini amsa ba.

Na rubuta, in na ƙi, za a ƙwace gurbinta?

Ya ce, "An ba ta gurbin tun kafin a fara maganar nan, da ƙoƙarinta ta samu. Ita ma cewa ta yi in ƙyale ku. Ni na ga bai dace in tambayi kowa in tsallake ku ba."

Na rubuta, sunana zai bi shi?

Ya ce, "A'a. Lamba za a sa. Ita kanta ba za ta san wanne ne naku ba."

Na rubuta, ni zai amfane ni?

Ya ce, "Ku kam a'a."

Na goge na rubuta ta ƙarshe. In an samo magani, mai jimar fata a Challawa zai same shi?

Ya karanta. Ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce, "Malam Haruna, ba zan yi muku alkawarin abin da ba ni da iko a kansa ba. Waɗanda ake da su yanzu ma, mafi yawan marasa lafiyarmu ba sa kaiwa gare su. Abin da na sani kawai, in ba a duba na mutanenmu ba, duk abin da za a gano a kan wasu za a gano shi."

Ina ta jira ya yi mini daɗin baki in kama shi, bai yi ba. Na ce a nuna mini abin. Ya kai ni wani ɗaki mai sanyi, wata ma'aikaciya ta jawo aljihun kabad ta ciro wani ɗan farin kaki irin na kyandir, kamar guntun sabulu. A tsakiyarsa ga wani ɗan abu ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na riƙe shi a tafin hannuna. Shekarun nan ina jin tsoronsa kamar wani dodo. Na dubi kabad ɗin, aljihu bisa aljihu, duk cike da irinsa. Na mayar mata, na koma ofis na sa hannu.

Ban ce na yarda da Dakta Garba gaba ɗaya ba. Ki sa ido a kansa, ki sa ido a kan waɗanda za ki tarar can, ki san inda kowane yanki ya je da abin da aka yi da shi. Amma nawa yana cikin waɗanda za su biyo ki, kuma ba za ki gane shi ba. Don haka duk wanda aka ajiye miki a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, da lamba a gefensa ba suna, ki ɗauka nawa ne. Kada ki yi masa gaggawa, kada ki yi ƙarya a kansa, kada ki bari wani ya yi. Mai shi yana da gida, kuma da wani da yake kiransa Baba ko Inna.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Allah Ya buɗe miki abin da Ya ɓoye a cikin ciwon nan gwargwadon abin da zai amfani bayinSa, Ya sa ki gama da mutuncinki da addininki, Ya dawo mana da ke muna raye. Ummanku tana sa miki albarka, ƙannenki suna gaishe ki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haruna